Musabahar Igiya a Hay el-Sabi'

Kawuna, yayan mahaifiyata, bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba. Ba yabonsa nake yi ba, don mu da muka tashi a gidansa mun sha wuyar abin. Tuwo zai huce, man miya ya daskare, mu yara muna ta hamma, shi kuwa yana ƙofar zaure yana leƙen hanya ko Allah zai jefo wanda za a ci da shi. Babban dillalin hatsi ne, kuma abu biyu ya sa a gaba tun tasowarsa: tara mutane da kashe ɓeraye. Duk wanda ya shigo zaurensa sai ya riƙe masa hannu har a gama gaisuwa, a shiga labari, wani lokaci har labarin ya ƙare hannun mutum yana nan a cikin nasa. Ɓera kuwa, ko a mafarki ya gan shi sai ya tashi ya je ya duba buhuna.

Ina shekarata ta uku a karatun fiƙihu a Alƙahira, wajejen 2014, mahaifiyata ta bugo waya ta ce ga yayanta nan tafe. Wani ƙululu ya fito masa a wuya, likitocin gida sun ce ciwon daji ne, sun ba da shawara a kai shi Masar.

"Amana na ba ka," in ji ta. "Ka dawo mini da shi da ƙafarsa."

Na ce to, kamar wanda aka aika sayo gishiri. Sai da na ajiye wayar tsoro ya kama ni.

Na roƙi abokan zamana suka koma wurin wasu ɗalibai a unguwar Abbasiya, na share gidan da muke haya a unguwar Hay el-Sabi'. Hawa na huɗu ne, da 'yar baranda mai kallon titi, da lif wanda ya fi mutanen gidan samun hutu saboda yawan ɗauke wuta a wannan shekarar. Kawu ya iso, ya hau benen da ƙyar, ya zauna yana haki. Abin da ya fara tambaya shi ne su wane ne maƙwabta, kuma me ya sa ba su zo yi masa sannu da zuwa ba.

Asibitin yana can ɓangaren Giza. Likitan da aka haɗa mu da shi wani tsohon Bajamushe ne, dogo, mai manyan kunnuwa, yana sa safa a cikin takalmi sandal duk zafin gari. Da ni yake Turanci, da ma'aikata kuma wani Larabci wanda kowace kalma sai ta yi tuntuɓe kafin ta fito. Ni ne tafinta. Tun kafin ya buɗe baki ya tambayi ina ke ciwo, Kawu ya riga shi.

"Tambaye shi, ɗan wane ne?"

"Kawu, asibiti fa muka zo."

"Na sani. Zan ba mutum wuyana ban san ubansa ba?"

Na tambaya ina jin kunya. Likita ya ajiye alƙalami, ya amsa dalla-dalla kamar a gaban alƙali. Ubansa mai gasa burodi ne a wani ƙaramin gari. Shi kuma da ya gama karatun likita aka tura shi ɗakin yara masu ciwon daji na jini, a zamanin da kaɗan ne daga cikinsu ke komawa gida. Ya ce abin ya hana shi sakat, sai ya bar ɗakin marasa lafiya ya koma ɗakin bincike. Ya yi shekara talatin da ɗoriya yana neman sanin yawan maganin da za a ba mutum, da tsawon hutun da za a bari tsakanin wannan ƙarin ruwa da na gaba, yadda magani zai kashe cutar ba tare da ya haɗa da mai cutar ba. Ya shugabanci sashe, ya yaye likitoci, ya yi ritaya, zaman gida ya gagare shi, shi ne ya zo Masar na wani ɗan lokaci yana koyar da matasan likitoci.

Kawu yana ta gyaɗa kai. Ya ce, "Madalla. To a jikin wa yake gwada maganin duk shekarun nan?"

Na tambaya. Na ji amsar, na so in haɗiye ta, amma Kawu ya kafa mini ido.

"Ya ce a jikin ɓeraye."

"A jikin me?"

"Ɓeraye, Kawu. Farare. Dubbai."

"Kamawa yake yi?"

"A'a, kiwo. Suna da ɗakinsu mai na'urar sanyi, da ma'aikatan da ke ba su abinci da ruwa a kan lokaci."

Kawu ya cire hula, ya dubi cikinta, ya mayar. Ya ce, "Ikon Allah. Ni ina can ina kashewa, shi yana can yana kiwo. Dole ba su ƙarewa."

Daga ranar sunan Likita ya koma Sarkin Ɓeraye. A gabansa ma haka Kawu yake kiransa, ni kuma in fassara da "babban malami".

Maganin shi ne wanda Misirawa ke kira kimawi, ana ɗura shi ta jijiya, a huta 'yan makonni, a sake. Likita ya yi mana bayani cewa duk lokacin da aka ɗura, sojojin jini da ke kare mutum daga cuta sai su zube, har murar da yaro zai yi wasa da ita tana iya kayar da babba. Don haka ya kafa doka: ba baƙi, ba musabaha, ba abincin waje, ba shiga taro, kuma in za a fito sai da takunkumi a baki. Ya ce in zazzaɓi ya shiga dole a ɗage magani, in aka yi ta ɗagewa kuwa cutar ce za ta samu sarari. Ya ƙara da cewa ɓerayensa ma a ɗakin da ba mai shiga suke warkewa.

Na fassara duka ban rage ba. Kawu ya ce, "Gaya masa ni ba ɓera ba ne. Takunkumi kuma a garinmu jaki ake sa wa."

Na gaya wa Likita cewa Kawu ya gode ƙwarai.

To amma ka san mu. Kafin mu dawo daga ɗurin farko labari ya gama Hay el-Sabi' da Abbasiya cewa wani dattijo daga gida yana kwance. Ɗalibi Bahaushe yana iya fashin darasi, yana iya fashin cin abinci, amma ba ya fashin dubiya, musamman in ya ji ana dafa shayi a gidan. Na buɗe ƙofa don in ba mutum ɗaya haƙuri, sai na ji muryar Kawu daga ciki: "Wane ne? Shigo mana, bismillah!" Shi ke nan. Kafin la'asar takalma sun cika bakin ƙofa sun gangara matakala. Kanawa, Sakkwatawa, Zazzagawa, 'yan Damagaram, har da wasu Hausawan Sudan da suka ji a masallaci. Kawu yana tsakiya, takunkumin yana rataye a kunne ɗaya, yana riƙe da hannun wannan yana tambayar wancan su wane ne iyayensa. Wani yana atishawa yana yi masa addu'ar samun sauƙi. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan makon ba, ni kuwa raina in ya yi dubu ya ɓaci.

Ba a rufa mako ba ya wayi gari yana rawar ɗari. Muka kwana biyu a asibiti ana yi masa allurai. Likita ya zo ya tsaya a kanmu, kunnuwan nan sun yi ja wur. Bai ɗaga murya ba. Ya ce an ɗage ɗuri na biyu. Ya ce in aka sake haka shi zai cire hannunsa, don ba zai rushe garkuwar mutum da kansa sannan ya tura shi cikin kasuwa ba. Wannan karon na fassara kalma da kalma, har da jan kunnuwan in da ana fassara shi.

Da muka koma gida Kawu ya jawo akwatinsa ya fara ninke riguna.

"Kawu, me ke nan?"

"Je ka nemo mini jirgi."

"Magani fa yanzu aka fara."

"Na ji. Ɗan nan, tun da nake ban taɓa ce wa mutum koma ba. Mutum ya baro karatunsa, ya shigo mota, ya hau benen nan da ƙafarsa don ya ce mini sannu, in rufe masa ƙofa? In dai sai na wulaƙanta mutane zan warke, to a mayar da ni gida in mutu a cikinsu."

Da gaske yake, na san shi. Na tuna maganar mahaifiyata, na ji kamar in fasa ihu. Na yi magiya, na yi fushi, na kawo masa hujjojin malamai a kan wajibcin kiyaye rai. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce karatuna yana kyau, ya ci gaba da ninke riguna.

Na fita baranda don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Ina tsaye ina huci sai na ga matar da ke benen da ke kallonmu ta leƙo ta ƙwala wa mai kayan miya kira. Ta zuro kwando da igiya, ya zuba mata tumatir, ta janye abinta. Abin da nake gani kullum ne, kowace baranda a Alƙahira tana da wannan kwandon, sabat suke ce masa. Amma ranar sai na tsaya ina kallonsa har ya shige. Na sauka da gudu na sayo kwando da igiya mai kauri.

"Kawu, ba za ka kori kowa ba. Za su zo, su tsaya a ƙasa, kai kana baranda. Su gan ka, ka gan su, ku gaisa."

Ya dakata da ninkin. "Daga titi? Ladan dubiyar zai hawo har nan?"

Na gyara murya na ba da fatawar da ta fi ƙarfin karatuna. Na ce abin da ake nema a dubiya shi ne niyya da gani da addu'a, kuma ban taɓa cin karo da inda aka ƙayyade hawa na nawa mara lafiya zai kasance ba. Wannan dai gaskiya ce, ban taɓa cin karo da shi ba.

"Shayi fa? Baƙo ya tafi da bushasshen baki?"

Na ɗaga kwandon.

Ya dube shi ya daɗe. Sannan ya kawo abin da ya fi damunsa. "Hannu fa?"

Shi da kansa ya karɓi igiyar, ya jujjuya ta, ya kama bakinta ɗaya ya miƙo mini ɗayan. Ya ce in riƙe. Na riƙe. Ya girgiza, na ji girgizar a hannuna. Ya saki, ya kai hannu ƙirji.

"To," ya ce, "ba laifi. Fitar da rigunan."

Washegari bayan la'asar aka fara. Na ajiye masa kujera a baranda, na tsaya a ƙofar bene ina tare mutane ina yi musu bayani. Wanda ya fara shi ne wani Basakkwace mai ƙatuwar murya, da ma shi ke ja mana salla in mun taru. Ya ɗaga kai ya daddage.

"Salamu alaikum! Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi! Ya karatu?"

"Alhamdu lillahi! Ya baƙunta?"

"Sai godiya! Ya mutanen gida, kuna jin labarinsu?"

Gaisuwarmu ko a zaune kusa da juna tana da tsawo, balle a ce kowace gaɓa sai an ƙwala ta ta haye hawa huɗu, ga hon ɗin motoci, ga mai sayar da gas yana buga ƙarfe. Kawu ya zuro igiya, Basakkwace ya kama da hannu biyu har da rusunawa, aka girgiza sama da ƙasa. Sauran suka yi layi. Tagogi suka fara buɗewa. A shekarun nan kuwa mutum goma ba su tsayawa wuri ɗaya a titi ba tare da gaban wani ya faɗi ba. Bawwab ɗinmu, wato mai gadin benen, wani Basa'ide, mutumin kudancin Masar, mai gashin baki, ya fito da gudu jallabiyarsa a hannu.

"Ya shekh, zanga-zanga kuke yi? A ƙofata? Za ku ja mini bala'i!"

Na ce masa ba zanga-zanga ba ce, gaisuwa ce.

"Gaisuwa? To in faɗa kuke yi yaya ake ji?"

Na yi masa bayanin ciwon da dokar likita. Ya dubi sama, ya dubi layin, ya ce la haula. Sai ga shi ya shiga bayan layi. Da aka zo kansa ya kama igiyar ya girgiza har Kawu ya kusa tashi daga kujera, yana ihun yi masa fatan sauƙi, "Alf salama, ya hagg!" Daga ranar shi ya zama mai tsara layi, har yana korar masu ajiye mota a ƙarƙashin barandar.

Kwando kuwa ya yi aiki. Yana sauka da fulas ɗin shayi da kofuna da dabino, yana hawowa da abin da baƙi suka kawo: kilishi, dambun nama, lemo, koshari, dafa-dukan Misirawa, a roba, wata rana har da kunun gyaɗa da wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan ta damo tun daga Giza. Doka ta hana Kawu cin ko ɗaya, shi kuma ya ce mayar da kyauta cin fuska ne, zubarwa kuma haramun. Saboda haka ni na ci. Yana zaune yana kallona yana tambaya ko yaji ya ji, ko gishiri ya yi daidai, don ya san abin da zai ce wa mai kyautar gobe. A watannin nan Kawu ya rame, gashinsa ya zube har gira, ni kuwa wanduna suka daina shiga. Da na aika hotonmu gida mahaifiyata ta tambaya ko abincin yayanta nake cinyewa.

Matsala ɗaya ita ce matar hawa na biyu. Ba ta gani sosai, kuma duk kwandon da ya gifta barandarta nata ne. Sau da yawa kilishi zai baro ƙasa, ya iso sama ya zama albasa biyu da ƙullin ganyen faski. Na so in sauka in yi magana, Kawu ya hana. Ya ce ai ciniki ne, kuma ba ta taɓa barin kwandon ya wuce wayam ba. Daga baya ma ya riƙa sa a ajiye mata rabonta a gefe.

Jini ya gyaru, aka yi ɗuri na biyu, aka yi na uku. Likita ya dubi sakamako ya dube mu da alamar zargi, ya tambaya ko an daina baƙin. Na ce ba a daina ba, sun ma ƙaru. Na ba shi labarin baranda da kwando da igiya. Na zaci zai yi dariya. Sai ya jawo takarda ya shiga tambaya: mutum nawa ke taɓa igiyar, tsawonta nawa, wane gefe Kawu ke kamawa, ana wanke ta? Ya yanke hukunci cewa a ɗaura jan ƙyalle a gefen Kawu kada a taɓa juya ta, a riƙa wanke ta da sabulu kullum, ni kaɗai zan taɓa kwandon, kuma in wanke hannu.

Kawu ya ce, "Ka ji mutumin da har igiya sai ya yi mata wanka. Tambaye shi, shi in ya kwanta ciwo wa ke zuwa dubiya?"

Likita ya yi ɗan tunani. Ya ce matarsa ta rasu, 'yarsa tana aiki a wani gari mai nisa, tana bugo waya. Ya ce a wurinsu in mutum ba shi da lafiya an fi so a bar shi ya huta.

"Ba wanda ke zuwa?"

"Ya ce babu."

"Ko ɓerayen?"

Wannan ban fassara ba. Amma Likita ya ga fuskar Kawu, sai ya yi maganar da ba a tambaye shi ba. Ya ce a shekarunsa na farko akwai wata yarinya da magani ya fara yi wa aiki, kowa yana murna. Kakarta ta zo daga ƙauye da 'yar mura, ta rungume ta. Yarinyar ba ta kai ƙarshen wata ba. Ya ce kakar ba ta yi laifi ba, a lokacin ba wanda ya san abin ya kai haka. Wannan ne ya kai shi wurin ɓeraye, kuma shi ya sa ba ya sassauta dokar ko ga wa.

A tasi, muna haye kogi, Kawu ya gyara takunkuminsa da kansa, ya rufe hanci ruf, abin da bai taɓa yi ba sai na yi masa magana. Ya ce, "Mutumin nan yana da zumunci. Bai dai san inda ake ajiye shi ba ne."

Tun daga nan duk zuwanmu sai ya ce in gaya wa Likita yana binsa hannu. Ranar da aka ɗage doka, shi zai fara yi wa musabaha, kuma ba zai saki da wuri ba. Likita yakan ce tamam, wato ya yi, ya rubuta wani abu, ban sani ba ko alkawarin yake rubutawa.

Aka yi ɗurin ƙarshe, aka ɗauki hoton jiki gaba ɗaya, aka ce mu jira sakamako. Ranar da muka koma ba mu tarar da Likita ba. Wani matashin likita Bamisire ya ce mana mura ta kama shi, ya hana kansa shigowa asibiti, kuma shi ma bai yarda ya faɗa mana komai ba sai babban ya gani. Muka dawo jiki a sanyaye. Kwanakin nan na ji tsoron da ban ji ba tun farkon zuwansa. Kawu ma ya rage surutu, ko da yake bai fasa zaman baranda ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar layi ya yi tsawo kamar kullum. Ina sama ina zuba shayi sai na ji bawwab yana faɗa da wani mai tasi. Na leƙa. Wani dogon mutum ya fito daga motar, takunkumi a fuska, mayafi a wuya, safa a cikin sandal. Ya dubi layin, bai tambayi kowa ba, ya je can baya ya tsaya. Ɗalibai suka yi ta ba shi hanya, ya ƙi. Sai da bawwab ya kamo hannun rigarsa yana "Yalla ya duktur, itfaddal," sannan ya matso ƙarƙashin baranda.

Kawu ya miƙe tsaye. "Kai, Sarkin Ɓeraye ne! Ce masa ya hawo!"

Na ƙwala masa. Ya girgiza kai, ya nuna hancinsa. Ya ɗaga murya, muryar duk ta dushe, ya ce ya ga hoton. Mota ta wuce da hon, ban ji sauran ba. Na ce ya sake. Ya cika ƙirji ya jefo Larabcinsa gaba ɗaya.

"Khalas! Mafish haga! Tamam!"

Ban samu damar fassarawa ba, don duk titin ya riga ni. Ɗalibai suka ɗauki kabbara, bawwab ya rungume mai tasin da yake faɗa da shi, matar hawa na biyu ta rangaɗa guɗa ba tare da ta san abin da ya faru ba. Na juya na ce, "Kawu, ya ce ba a ga komai ba. Ƙululun ya tafi." Na zauna a kan fulas.

Da hayaniya ta lafa Likita ya ƙara magana. Ya ce doka tana nan sai jini ya gama dawowa, nan da wasu makonni. Ya ce shi kuma wa'adinsa a Masar ya cika, jibi zai koma ƙasarsu, matashin likitan ne zai ci gaba da duba mu. Ya zo ne don bai ga ya dace a ji wannan labari daga bakin wani ba.

Na fassara. Kawu ya ce, "Hannun da nake binsa fa?"

Na ƙwala tambayar. Likita ya buɗe hannuwa, ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri.

Kawu ya ɗauki igiyar ta gefen jan ƙyalle, ya zura ta a hankali har ta kai ƙasa. Likita ya dube ta. Ya ciro 'yar kwalba daga aljihu ya goge hannuwansa tas, har tsakanin yatsu, sannan ya kama. Kawu ya girgiza, shi ma ya girgiza. Bajamushe ya ɗauka an gama, ya yi shirin saki, sai ya ji igiyar ba ta saki ba. Ya sake riƙewa.

Daga nan Kawu ya shiga gaisuwa, ni ina ƙwalawa. Ya mura, ya gajiya, ya 'yarsa, ya mutanen garinsu, Allah ya ji ƙan matarsa da ubansa mai burodi. Ya ce in gaya masa in ya sake kwanciya ciwo ya aiko, za a zo. Likita yana tsaye a tsakiyar titi, hannu a sama, yana amsa kowace da tamam, kunnuwan sun yi ja. Mai tasi ya yi hon ya gaji ya kashe mota. Na dubi Kawu na ga hawaye yana bin fuskar nan da ba gira, bai kuwa goge ba, don hannu biyu ya sa ya riƙe igiyar. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Sai da aka kira magariba suka saki.

Na mayar wa mahaifiyata yayanta da ƙafarsa. Kwandon ya bar wa matar hawa na biyu, igiyar kuwa ya naɗe ta ya sa a akwati.

Bayan na gama karatu na koma gida, na je gaishe shi. Zauren yana nan cike, ya riƙe mini hannu har na gaji da tsayuwa. Can na hango igiyar a rataye a ƙusa, sama da buhunan gero, jan ƙyallen ya koɗe. Gefen ƙasa, wanda Likita ya kama, duk an gaigaye shi ya zama zare-zare.

Na ce, "Kawu, ɓeraye sun ci igiyarka. Ba ka sa tarko a nan ba ne?"

Ya ce ya sa a rumbu, ya sa a shago, ya sa a ɗakin girki, kuma jiya ma ya kashe uku.

"Nan fa?"

Ya ɗaga kai ya dubi igiyar.

"Ƙyale na nan," ya ce. "Mutanen Sarkin Ɓeraye ne, sun zo gaishe shi."